Yadda Ake Ƙara wa Tsohuwar Kwamfuta Sauri: Jagora kan Ma'adanar RAM da Katin Hoto ga Ofisoshi da Ƙungiyoyin Yankin Madarumfa

Gabatarwa

A garin Madarumfa da gundumomin da ke kewaye da shi, kamar Ɗan Isa, Gabi, Jiratawa, Safo da Sarkin Yamma, na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, wadda masu jin Faransanci ke kira ordinatar, ta riga ta zama kayan aiki na yau da kullum. Da ita ake rubuta takardu a ma'aikatar magajin gari, da ita ake haɗa rahoton wata a cibiyoyin kiwon lafiya, da ita kuma ƙungiyoyin manoma ke lissafin taki da iri da bashin da ke kan mambobinsu. Da yawa daga cikin waɗannan na'urori ba sababbi aka saye su ba: wasu kyauta ce da wani shiri ya bari bayan wa'adinsa ya cika, wasu kuma kayan gwanjo ne da suka yi shekaru suna aiki a Turai ko Amurka kafin su iso kasuwannin Maraɗi, Katsina da Kano.

Idan irin wannan na'ura ta fara nawa, shawara biyu aka fi ji. Wani ya ce a jefar da ita a sayi sabuwa, wani kuma ya ce a sa mata katin hoto mai ƙarfi. Sau da yawa dukkan shawarwarin biyu asarar kuɗi ce. Manufar wannan bayani ita ce a nuna wa mai karatu yadda zai gano sashen da ke riƙe na'urarsa, abin da ya kamata ya fara saya, abin da zai bari zuwa ƙarshe, da kuma lokacin da ya dace ya haƙura da gyaran baki ɗaya.

Sassa huɗu da aikin kowannensu

Domin a fahimci matsalar, sai a kwatanta kwamfuta da gidan manomi. Faifan ajiya, wanda ake kira had dis, shi ne rumbu: a cikinsa ake tara komai, kuma abin da aka zuba yana nan ko da an kashe wuta. Ma'adanar wucin gadi, wadda aka fi sani da RAM, ita ce tabarmar da ake shimfiɗawa a tsakar gida a zube hatsin da za a yi aiki da shi yanzu. Da zarar an kashe na'ura, an naɗe tabarma ke nan. Furosesa shi ne mai aikin kansa. Sashen hoto kuwa shi ne mai zana duk abin da ido ke gani a fuskar allo.

Idan tabarma ƙarama ce, mai aiki ba shi da zaɓi illa ya riƙa kai da komo tsakaninta da rumbu, yana mayar da wannan yana ɗauko wancan. Haka kwamfuta ke yi idan RAM ta cika: sai ta ari wuri a faifan ajiya, wanda saurinsa bai kama ƙafar na RAM ba. Wannan zirga-zirga ce ke sa a danna abu a zauna jira, ƙaramar fitilar faifai tana ta ƙyaftawa. Mai zane, komai gwanintarsa, ba ya rage tafiyar da ke tsakanin tabarma da rumbu. Dalili ke nan da ya sa katin hoto ba ya maganin yawancin nawar da ake kuka da ita a ofis.

Me ya sa na'urar da ta wadatar jiya ta gaza yau? Ba ƙarfen ne ya gaji ba, kayan da ake ɗora masa ne suka ƙaru. Windows XP, wadda ta fito a 2001, tana tafiya da megabait 128 na RAM. Windows 11 ta 2021 ba ta karɓar ƙasa da gigabait 4, wato ninki 32 na wancan. Shafukan intanet ma sun yi nauyi da hotuna da bidiyo.

A binciki ciwo kafin a sayi magani

Mataki na farko ba ya cin ko dala. A kunna na'ura, a buɗe manhajojin da aka saba aiki da su, sannan a danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc a tare. Taga za ta buɗe mai suna Gestionnaire des tâches a na'ura mai Faransanci, ko Task Manager a mai Turanci. A shiga sashen da ke nuna ƙoƙarin na'ura, a dubi ma'aunai uku:

Idan ma'aunin RAM yana zaune sama da kashi 80 cikin 100 a lokacin aiki na yau da kullum, ma'adana ce ta yi kaɗan.

Idan ma'aunin faifai yana manne a kashi 100 na tsawon mintuna, musamman bayan kunnawa, faifan ne ke jan ƙafa, ko kuma ƙarancin RAM ne ya ɗora masa nauyi.

Idan ma'aunin furosesa ne ke cike alhali ba a aikin komai, sai a zargi ƙwayar cutar kwamfuta ko wata manhaja da ke tashi da kanta a ɓoye. A tsaftace na'ura, a cire manhajojin da ba a buƙata, kuma kada a tara manhajar rigakafi biyu a wuri ɗaya, domin suna takura wa juna.

Akwai kuma wani dalili da ya shafi yankinmu musamman, wato ƙura da zafi. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana cusa ƙura a cikin fanka da ƙarfen da ke sanyaya furosesa, sannan a watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40. Furosesa da ya yi zafi fiye da kima yana rage gudunsa da kansa domin kada ya ƙone. Alamar haka ita ce na'ura ta yi aiki lafiya da safe, ta yi nawa da azahar, fanka tana ta kuka, wani lokaci ma ta mutu ba gaira ba dalili. Maganin wannan shi ne a buɗe a hure ƙurar, a riƙe fanka da yatsa lokacin hurawa don kada ta yi juyin da ya wuce ƙa'ida, a kuma sabunta man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyayawa, wanda ke bushewa bayan 'yan shekaru. Sau da yawa wannan kaɗai yana dawo da na'ura hayyacinta.

Ƙara RAM: nawa ake buƙata?

Ga aikin ofis, wato rubutu, lissafi, saƙonni da shiga intanet, gigabait 4 shi ne mafi ƙaranci da za a iya lallaɓawa da shi, gigabait 8 kuma shi ne abin da ya dace. Mai zana taswirar gonaki da manhaja irin QGIS, kamar yadda ake buƙata a fadamun noman rani na Jiratawa, ko mai haɗa bidiyo, zai ga amfanin gigabait 16. Ƙari a kan abin da aiki ke buƙata ba ya ƙara sauri. Tabarmar da ba a zuba komai a kanta ba, ba ta rage wa kowa aiki.

Kafin a saya, akwai tambayoyi huɗu da dole ne a amsa.

Ta farko: wane iri ne na'urar ke karɓa? Ana sayar da RAM a siffar siririyar sanda, wadda 'yan kasuwar Maraɗi ke kira baret, kuma tana da tsara daban-daban. DDR2 ta fito a 2003, DDR3 a 2007, DDR4 a 2014, sannan DDR5 ta shiga kasuwa a 2021. A ƙasan kowace sanda akwai haƙora masu ruwan zinariya, da wani giɓi a tsakaninsu. Wurin giɓin ya bambanta daga tsara zuwa tsara, saboda haka sandar wata tsara ba ta shiga gurbin wata. DDR2 da DDR3 na kwamfutar tebur duk haƙora 240 gare su, amma giɓinsu ba wuri ɗaya yake ba. Wanda ya tura da ƙarfi zai karya gurbi ne kawai. Sandar kwamfutar tafi-da-gidanka kuma gajera ce, kusan rabin ta tebur: DDR3 ɗinta haƙora 204, DDR4 kuma 260. Hanya mafi sauƙi ita ce a karanta takardar da ke manne a jikin tsohuwar sandar. PC2 na nufin DDR2, PC3 na nufin DDR3, PC4 na nufin DDR4. Manhajar CPU-Z, wadda ake samu kyauta, tana ba da wannan bayani ba tare da an kwance ko kusa ɗaya ba.

A nan akwai tarko biyu. DDR3 ta asali tana aiki da bolt 1.5, amma akwai 'yar uwarta DDR3L, mai alamar PC3L, da ke aiki da bolt 1.35. Kwamfutocin tafi-da-gidanka masu furosesan Intel Core na tsara ta huɗu, waɗanda suka fito daga 2013, PC3L suke buƙata, kuma sau da yawa ba sa tashi da PC3. Tarko na biyu shi ne sanda mai harafin R a ƙarshen lambarta, kamar PC3-10600R. Wannan ta manyan na'urorin saba ce. Takan yi arha a kasuwa, amma kwamfutar ofis ba ta karɓarta.

Ta biyu: gurabe nawa ne, kuma nawa ne babu kowa a ciki? Kwamfutar tebur takan zo da gurabe biyu ko huɗu, ta tafi-da-gidanka ɗaya ko biyu. Wasu sirara na zamani an liƙe musu RAM da dalma a jikin babban allo, ba a ƙara musu komai.

Ta uku: mene ne iyakar da babban allo ke ɗauka? Na'urorin zamanin Core 2 Duo, wato daga 2006 zuwa wajen 2009, yawanci suna tsayawa a gigabait 4 ko 8. Masu Core i3 da i5 na 2011 zuwa 2013 galibi suna kai gigabait 16, wasu na tebur har 32. A nemi sunan samfurin da ke rubuce a jikin akwati, a duba littafin kamfanin da ya ƙera shi. Har ila yau, wasu tsofaffin alluna na kafin 2011 ba sa gane sandar gigabait 4 mai ƙwayoyi takwas kacal; sun fi amincewa da mai ƙwayoyi 16, takwas a kowane gefe, wadda ake rubuta wa 2Rx8.

Ta huɗu: Windows ɗin da ke ciki mai bit 32 ce ko mai bit 64? Mai bit 32 ba ta iya amfani da abin da ya wuce gigabait 3 da 'yan kai, komai yawan abin da aka saka. Mutane da dama sun sayi gigabait 8 suka dawo suna zargin ɗan kasuwa, alhali matsalar tana nan. A irin wannan hali sai an sake ɗora tsari mai bit 64, bayan an kwashe takardu zuwa wani wuri.

Abin lura na ƙarshe: sanduna biyu masu girma ɗaya sun fi sanda ɗaya tilo sauri, domin na'ura tana karanta su a lokaci guda ta hanyoyi biyu. Idan aka haɗa mai sauri da mai nawa, dukkansu za su bi gudun mai nawa, kuma wannan ba ya cutar da komai.

Yadda ake saka sanda

1. A kwafi dukkan muhimman takardu zuwa filas ko wani faifai kafin a taɓa komai.

2. A kashe na'ura, a zare wayar wuta daga bango, a cire batir idan mai ciruwa ne, sannan a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma domin ragowar wuta ta fita.

3. A taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin a ɗauki sanda. Duk wanda ya taɓa jin tartsatsi a yatsa lokacin da ya kama ƙyauren ƙarfe a cikin hunturu ya san wutar da ke taruwa a jikin mutum idan iska ta bushe. Tartsatsin da bai kai a ji shi ba ma yana iya lalata sanda. Kada a yi aikin a kan bargo ko darduma ta roba, kuma a riƙe sanda ta gefe, ban da haƙoranta.

4. A kwamfutar tebur, a buɗe maƙallan da ke bakin gurbi, a daidaita giɓi, a danna kai biyu har maƙallan su rufe da kansu. A ta tafi-da-gidanka, a zura sanda a karkace, sannan a kwantar da ita har ta ce ƙas.

5. A kunna. Idan allo ya yi baƙi ko na'ura ta yi ta ƙara, kada hankali ya tashi. Yawanci sandar ce ba ta zauna daidai ba. A kashe, a cire, a sake sakawa. Idan haƙoran sun yi dauɗa, a goge su a hankali da magogin fensir.

6. A gwada sabuwar sanda da manhajar MemTest86, ko da abin gwajin ma'adana da ke cikin Windows. Sanda mai lahani ba ta tsaya ga kashe na'ura ba, tana iya gurɓata lissafi da takardu ba tare da an ankara ba.

Faifan SSD: gyaran da ake mantawa da shi

Ko da yake wannan bayani ya fi karkata ga RAM da katin hoto, ba zai cika ba sai an ambaci faifai. Tsohon had dis yana da faranti mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da allura mai neman bayani a kansa. SSD ba shi da abin da ke motsi. Tsohon faifai yakan karanta megabait 100 zuwa 150 a daƙiƙa, SSD mai mahaɗin SATA kuwa yana kai 500, kuma wajen nemo ƙananan fayiloli tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba. Ko a na'urar da mahaɗinta tsoho ne, wanda ba ya wuce megabait 300, ana jin bambanci tun daga kunnawar farko. Bugu da ƙari, SSD ba ya shan wuta sosai, kuma ya fi jure girgizar babur a hanyoyin karkara. Ga yawancin na'urorin ofis, gigabait 8 na RAM tare da SSD mai gigabait 240 ko 256 shi ne gyaran da ya fi biyan kuɗinsa.

Katin hoto: wa yake buƙatarsa?

Kusan kowace kwamfutar ofis tana da sashen hoto a cikin furosesa ko a jikin babban allo. Wannan sashe ba shi da tasa ma'adana, daga RAM yake ɗiba. Saboda haka ƙara RAM, musamman sanduna biyu masu girma ɗaya, yana ƙara masa ƙarfi shi ma. Ga rubutu, lissafi, buga takardu, da tace sauti a gidan rediyon al'umma, wannan sashe ya wadatar.

Katin hoto na daban yana da amfani a hali huɗu: ga mai haɗa bidiyo, kamar masu ɗaukar bukukuwa da wa'azi, ga mai zanen gini ko injuna mai fuska uku, ga wanda ke son haɗa allo biyu ko majigi mai mahaɗin HDMI alhali na'urarsa VGA kawai gare ta, da kuma wanda mahaɗin hoton na'urarsa ya lalace. Akwai kuma batun bidiyon intanet. Shafuka irin YouTube suna amfani da sababbin hanyoyin matse bidiyo, kamar VP9 da AV1, waɗanda sashen hoto na tsofaffin na'urori bai san su ba, sai nauyin ya koma kan furosesa, hoto ya riƙa tsinkewa. Kafin a sayi kati saboda wannan, a fara rage ingancin bidiyon zuwa 480, wanda zai rage cin kuɗin intanet ma.

Wanda ya tabbatar yana buƙatar kati, ya lura da abubuwa huɗu.

Gurbi: tun daga 2004 gurbin PCI Express ya maye gurbin AGP na da. Na'urar da har yanzu AGP gare ta ta wuce a kashe mata kuɗi. Kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa, in ban da 'yan ƙalilan, ba a canza mata sashen hoto. Wanda ya yi alkawarin haka, a yi hattara da shi.

Girman akwati: yawancin kwamfutocin Dell, HP da Lenovo na ofis da ake samu a gwanjo sirara ne, kuma gajeren kati kawai ke shiga cikinsu. A tabbatar an karɓo gajeren ƙarfen ɗauri tare da katin.

Wuta: gurbin PCI Express yana ba da wat 75 a iyakarsa, a wasu siraran na'urori ma ƙasa da haka. Katin da ya fi wannan ci yana buƙatar waya ta musamman mai baki shida ko takwas daga akwatin rarraba wuta, kuma siraran na'urori galibi ba su da ita, domin akwatin wutarsu bai cika wuce wat 250 ba. Kati irin GeForce GT 1030 na 2017 yana cin wat 30, kuma yana karanta VP9. GTX 1050 Ti na 2016 yana cin wat 75. Shi GT 1030 iri biyu ne, mai ma'adanar GDDR5 da mai DDR4, kuma na biyun ya fi rauni ƙwarai duk da sunansu ɗaya.

Kuɗin wuta da zafi: wannan ya fi shafar masu aiki da hasken rana. Katin wat 75 da ke aiki da dukkan ƙarfinsa na awa 8 yana shan wat-awa 600. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, kuma idan na dalma ne, rabi kawai ya kamata a sha domin ya yi ƙarko. Wato kati ɗaya zai iya cinye rabon batir guda a yini. Mazauna jihar Maraɗi ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a kuma maido da ita ba sai a 2024. Ofishin da na'urorinsa ba sa cin wuta da yawa shi ne ke iya ci gaba da aiki a irin wannan hali. Sau da yawa kuɗin da za a kashe wa kati ya fi amfani idan aka sayi na'urar ajiye wuta ta UPS, wadda ake kira onduleur a Faransanci, domin ɗaukewar wuta ba zato da tsawar damina suna lalata faifai da takardun da ke cikinsa.

Shawarwari ga mai zuwa kasuwa

Tazarar Madarumfa da Maraɗi ba ta kai kilomita 30 ba, amma komawa sau biyu saboda sandar da ba ta dace ba asarar yini ce da kuɗin mota. Ga wanda ya tsallaka ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina ko Kano, mayar da kaya ya fi haka wuya. Saboda haka a tafi da na'urar kanta idan da hali. Idan babu, a tafi da tsohuwar sandar, ko hoton takardar da ke jikinta, da sunan samfurin na'ura. A gwada a shagon kafin a biya, a ga adadin ya bayyana a allo, a kuma karɓi rasit mai ɗauke da sharaɗin canji.

RAM ta gwanjo ba abin ƙi ba ce, domin ba ta da sashen da ke gogewa, kuma idan ta ci gwaji takan daɗe. Tun ƙarshen 2025 farashin sabuwar RAM ya yi tashin gwauron zabo a duniya, saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira sun mamaye abin da kamfanoni irin Samsung da SK Hynix da Micron ke ƙerawa. Wannan ya ƙara wa sandunan da ake cirowa daga matattun na'urori daraja. Ofishin da ke da kwamfutoci uku iri ɗaya, ɗaya ta mutu, ya fara duba cikin matacciyar kafin ya nufi kasuwa. Amma faifai da katin hoto na gwanjo sai an yi taka-tsantsan. Akwai katunan jabu, tsofaffi da aka sauya wa suna domin su yi kama da sababbi, kuma manhajar GPU-Z tana taimakawa wajen tona su. Kaya mai arhar da ta wuce hankali, arha ce ba ta ado.

Lokacin da ya kamata a haƙura

Ba kowace na'ura ce ta cancanci gyara ba. Idan furosesa mai zuciya ɗaya ne, irin Pentium 4. Idan iyakar allo gigabait 2 ce. Idan ƙananan gwangwanayen da ke tsaye a kan babban allo sun kumbura ko suna zubar da tsatsa. Ko kuma idan kuɗin gyara ya haura rabin kuɗin wata na'urar gwanjo da ta fi ta ƙuruciya, to gara a tara kuɗin a sayi waccan.

Akwai kuma batun tsaro. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows XP a watan Afrilu na 2014, Windows 7 a Janairu na 2020, Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoba na 2025, in ban da ƙarin wa'adi da ya ba waɗanda suka yi rajista. Windows 11 tana buƙatar sashen tsaro na TPM 2.0 da furosesa na zamani, wanda idan na Intel ne galibi sai na tsara ta takwas ko abin da ya biyo baya, wato daga 2017. Ƙara RAM ba ya sauya wannan sharaɗi. Na'urar da ba ta samun gyaran tsaro, kuma tana ɗauke da sunayen marasa lafiya ko asusun ƙungiya, bai kamata a bar ta a kan intanet ba.

Mafita a nan ita ce Linux, tsarin da ake samu kyauta, wanda ke zuwa da Faransanci da Turanci. Nau'o'insa marasa nauyi, kamar Lubuntu da Linux Mint Xfce, suna tafiya lafiya da gigabait 4. Akwai kuma Emmabuntüs, wanda wasu 'yan sa-kai a Faransa suka tsara musamman domin farfaɗo da tsofaffin kwamfutocin da ake bai wa ƙungiyar Emmaüs kyauta. Manhajar LibreOffice tana buɗe takardun Word da Excel. Sai dai kafin a sauya, a tabbatar na'urar buga takardu da duk wata manhaja ta musamman da ma'aikata ke amfani da ita za su yi aiki, a kuma ware kwanaki na koyar da ma'aikata.

Ina za a kai abin da aka cire?

Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida. Ƙasashen Afirka sun rattaba hannu kan Yarjejeniyar Bamako a 1991 domin hana shigo da shara mai guba nahiyar. Allunan tsofaffin kwamfutoci suna ɗauke da dalma, kuma ƙona wayoyi domin ciro jan ƙarfe yana fitar da hayaƙi mai cutarwa, musamman ga yara. Tafkin Madarumfa, wanda masunta da makiyaya da masu lambu suka dogara da shi, ba ya buƙatar ruwan sama ya wanko masa irin wannan guba. A adana sassan da ke da rai domin gyaran gaba, a miƙa sauran ga masu gyara, kada a ƙona, kada a zuba a kwazazzabo. Tsohon faifai kuwa, a goge shi sarai ko a fasa farantinsa kafin ya bar ofis, domin takardun jama'a amana ne.

Kammalawa

Tsarin da ya kamata a bi shi ne: a kwafi takardu, a hure ƙura, a dubi ma'aunai, a ƙara RAM zuwa gigabait 8, a sauya faifai zuwa SSD, a kare na'ura daga ɗaukewar wuta, sannan a ƙarshe, idan aikin da ake yi ya buƙata, a yi maganar katin hoto. Yana da kyau kowane ofis ya buɗe ɗan littafi, ya rubuta samfurin kowace na'ura, irin RAM ɗinta, yawan gurabenta, da ranar da aka share ta. Wanda ya gaji kujerar gobe zai san abin da zai saya ba tare da ya kwance akwati ba, kuma kuɗin da aka tsimi zai tafi ga tawada, takarda da horar da ma'aikata.